Tambaya da Amsa: Masu Zane da Na'urorin da Suka Shige Mana Rai

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karon kusan duk sun karkata ne wuri guda, wato ayyukan masu zane da ƙirƙira da ke bin diddigin yadda wayar hannu, kwamfuta da intanet suke sauya yadda mutum ke ji a ransa da yadda yake zama da jama'a. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Assalamu alaikum. Ina koyar da zane a makarantar sakandare. Ina yawan jin cewa akwai masu zane da ke aiki a kan tasirin na'urorin zamani ga lafiyar ƙwaƙwalwa. Shin hotunan nan ne da ake haɗawa da kwamfuta, ko wani abu ne daban?
*Daga wani malamin zane*

Wa'alaikumus salam, Malam. Abu biyu ne daban. Wanda ya zana hoto da kwamfuta, kwamfutar kayan aiki ce a wurinsa. Waɗanda kake tambaya a kansu kuwa, na'urar suka tasa a gaba suna tuhumarta: me take yi wa hankalin mai riƙe da ita, me take yi wa barcinsa, me take yi wa zumuncinsa. Wani lokaci ma aikin da za su fitar babu lantarki a cikinsa ko kaɗan.

Abin ya daɗe. A 1974 Nam June Paik, haifaffen Koriya, ya ajiye mutum-mutumin Buddha a gaban ƙaramar talabijin, ya kafa kyamara tana ɗaukarsa tana aika hoton cikin talabijin ɗin kai tsaye. Mutum-mutumin yana zaune yana kallon kansa, ba dare ba rana. Shekaru masu yawa ke nan kafin a ƙera wayar hannu mai kyamarar gaba.

Na baya-bayan nan da za su yi maka amfani a aji, fara da Ben Grosser, Ba'amurke. A 2012 ya rubuta wata 'yar manhaja da ake ɗora wa burauza, ya sa mata suna Facebook Demetricator. Aikinta ɗaya ne tak: ta ɓoye duk wata lamba da ke shafin. Inda aka saba ganin mutum 16 sun so rubutu, sai a ga mutane sun so shi, babu adadi. Yawan abokai ya ɓace, yawan sanarwa ya ɓace, amma rubutu da hotuna suna nan yadda suke. Mai amfani da ita sai ya tarar idonsa yana ta lalubar lambar da babu, a nan ne yake gane ashe lambar yake fara dubawa kafin ya karanta abin da aka rubuta. A 2019 Instagram ya fara gwajin ɓoye adadin masu so a Kanada, a 2021 kuma ya bai wa kowa zaɓin ɓoyewa.

Sai Eric Pickersgill, mai ɗaukar hoto, da jerin hotunansa marasa launi na 2015 mai suna Removed. Yakan sa mutane su zauna yadda suka saba da wayoyinsu, miji da mata a gado kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya, ko iyali a wurin cin abinci. Sai ya zare wayar daga hannu, ya ce kada kowa ya motsa, ya ɗauki hoton. Abin da ya rage shi ne wuya a sunkuye da ido a kan tafin hannu wanda babu komai a cikinsa. Akwai kuma Simon Weckert, wanda a 2020 ya nuna yadda ya zuba wayoyi 99 a cikin 'yar kura yana ja a titunan birnin Balin na Jamus, kowace waya da Google Maps a buɗe. Manhajar ta ɗauka motoci ne suka cunkushe, ta shafa wa titin jan layi alhali titin fayau yake.

Ka lura babu ɗaya daga cikinsu da ya yi wa kowa wa'azi. Kowanne ya cire abu ɗaya ne ko ya ƙara abu ɗaya, ya bar mai kallo ya ji sauran a jikinsa. Wannan ne ma'aunin da muke ba ka shawarar ka riƙe wa ɗalibanka. In ka ba su wannan jigo, rabin ajin za su kawo maka hoton mutum ɗaure da sarƙa a jikin waya. Irin wannan hoto yana faɗa wa mai kallo abin da ya riga ya sani ne, zai gyaɗa kai ya koma kan wayarsa.

Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe. Ina so in haɗa fitilu da za su riƙa kamawa suna mutuwa daidai da bugun zuciyar wanda ya taɓa na'urar. Na sayi sensa na haɗa, amma wani lokaci fitilar tana ƙiftawa sau biyu a bugu ɗaya, wani lokaci ta yi shiru. Ina matsalar take?
*Daga wata ɗaliba*

'Yar'uwa, kin ɗauko aiki mai kyau, kuma kina da wanda ya riga ki. Rafael Lozano-Hemmer, haifaffen Meziko, ya yi Pulse Room a 2006: ɗaki ne cike da ƙwayayen lantarki, daga 100 zuwa 300 gwargwadon girman wurin, a rataye daga sama. Baƙo zai riƙe sensa, ƙwan da ya fi kusa da shi ya ɗauki bugun zuciyarsa. In wani ya zo bayansa, bugun na farko sai ya matsa zuwa ƙwai na gaba, haka ake ta turawa har bugun mutum ya kai ƙarshen layi ya fita daga ɗakin.

Ba ki faɗi irin sensarki ba, amma mafi yawan waɗanda ɗalibai ke saya masu koren haske ne, masu igiya uku. Yadda take aiki shi ne: tana haska fata, jini yana shanye wani ɓangare na hasken, sauran ya dawo wa wani ɗan ido da ke gefen fitilar. Duk bugu ɗaya jini yana ƙaruwa a yatsa, hasken da ke dawowa ya ragu. Wannan ɗan bambanci shi ne duk abin da na'urar take gani, kuma ƙanƙane ne ƙwarai, shi ya sa abu kaɗan ke rikita shi.

In allon Arduino Uno kike amfani da shi, wato 'yar ƙaramar kwamfutar da ake haɗa sensa da fitilu a jikinta, jar igiya ta tafi ramin da aka rubuta wa 5V, baƙa ta tafi GND, ta ukun ta tafi A0. Kafin ki haɗa fitila ko ɗaya, buɗe Serial Plotter, wato tagar manhajar Arduino da ke zana abin da sensar ke karantawa a matsayin layi, ki kalli layin da idonki. Allon yana karanta lamba daga 0 zuwa 1023, kuma in babu yatsa layin yakan tsaya wajen 512. Ki riƙa karantawa duk bayan milisakan 2 (milisakan 1000 ne daƙiƙa ɗaya). In yatsa ya zauna daidai za ki ga tudu mai tsini, sai wani ɗan ƙaramin tudu a bayansa, sai kwari, sai a sake.

Wannan ɗan ƙaramin tudun shi ne mai sa miki ƙiftawa biyu. Ba lalacewa ba ce, haka jini yake gudana a jijiya bayan kowane bugu. In iyakar da kika sa, wato lambar da sai layin ya wuce ta ake ƙirga bugu, ta yi ƙasa, na'urar za ta ƙirga shi a matsayin bugu na daban. Gyaran kashi biyu ne. Ki ɗaga iyakar ta wuce kan ƙaramin tudun; da yawa sukan fara daga 550 su yi ta ƙarawa. Sannan ki rubuta a cikin umarnin cewa in an kama bugu, a toshe kunne na milisakan 300 kafin a sake saurare. Milisakan 300 daidai yake da bugu 200 a minti, wanda mutumin da ke tsaye a ɗakin baje koli ba zai kai ba. Haka kuma duk tazarar tsakanin bugu biyu da ta wuce milisakan 1500 ki watsar da ita, galibi yatsa ne ya zame. Abin da ya fi inganci shi ne iyakar ta riƙa sauyawa da kanta, ta tsaya tsakanin tudu mafi tsawo da kwari mafi zurfi na 'yan daƙiƙun da suka wuce, domin ƙarfin siginar kowane mutum daban ne.

Shirun kuwa yana da dalilai da yawa. Wanda ya fi yawa shi ne dannawa da ƙarfi: baƙo yana ganin sai ya matsa sosai na'urar za ta ji shi, alhali matsawar tana korar jinin daga kan yatsa. Ki yi wa sensar ɗan gida mai rami daidai yatsa da soso mai laushi a ƙasa, ta yadda nauyin yatsan kawai zai hau kanta. Gidan zai kuma tare hasken ɗaki, wanda shi ne dalili na biyu, musamman tunda fitilunki da kansu suna ƙiftawa a kusa. Yatsa mai sanyi jininsa kaɗan ne, sai a ce wa baƙo ya murza hannuwansa tukuna. Koren haske kuma launin fata mai duhu yana shanye shi fiye da fata mai haske, saboda haka a ɗora sensar a cikin yatsa ko a leɓatun kunne, kada a ɗora a bayan hannu ko wuyan hannu. Ki gwada da mutane masu launin fata iri-iri, manya da yara, tun kafin ranar buɗewa. Bayan sensar kuma, inda ƙananan kayan suke a buɗe, ki rufe da narkakken gam, don gumi na haɗa su ya ɓata siginar.

Wajen fitilu, in zaren LED irin WS2812B ne, kowane ƙwai yana iya jan miliamfiya 60 in ya kama fari gaba ɗaya. Ƙwai 30 amfiya 1.8 ke nan, 100 kuma amfiya 6, alhali ramin USB na kwamfuta na yau da kullum rabin amfiya yake bayarwa. In kika ja wutar daga jikin allon, zai riƙa mutuwa yana tashi, ke kuma ki ɗauka sensar ce. Ki ba fitilun tasu wutar mai bolt 5 daban, ki haɗa GND ɗinta da na allon, ki sa resista mai om 330 a igiyar saƙo da kafasita mai maikurofarad 1000 a bakin wutar. In zaren ya yi tsawo za ki ga ƙarshensa yana komawa ruwan ɗorawa ko ja. Wuta ce ta ragu a hanya, sai ki shigar da ita ta ɗaya bakin ma. Ƙwayaye masu amfani da wutar gida kuwa, kada ki kusance su sai da ma'aikacin lantarki a gefenki, domin wannan na'ura ce da fatar mutane ke taɓawa.

Tsohon ƙwan lantarki mai zare a ciki yana kamawa a hankali ya mutu a hankali, shi ya sa yake kama da abu mai rai. LED kuwa farat ɗaya take yi, sai kin koya mata. Ki sa hasken ya hau cikin kamar milisakan 100, ya sauka cikin 400.

Shawara ta ƙarshe ba ta wayoyin wuta ba ce. Za ki ji sha'awar sa ɗan allo da zai nuna wa baƙo cewa bugunsa 88 ne a minti. Kada ki sa. Da zarar lamba ta bayyana, mutane za su daina kallon hasken, su shiga gwada nasu da na abokinsu, mai fargaba kuma ya fita yana tunanin ko yana da ciwon zuciya.

Ƙanwata tana fama da ciwon damuwa. Na ga ana tallar wasu ɗakunan baje koli masu haske da sauti ana cewa suna warkar da damuwa. In kai ta?
*Daga wani yaya*

Allah ya ba ta lafiya. Ka kai ta in tana so, a matsayin fita shan iska, amma kada ya maye gurbin likita ko maganin da aka ɗora ta a kai.

Gaskiya ne akwai hujja cewa zane, kiɗa, waƙa da makamantansu suna taimaka wa lafiya. A 2019 ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya fitar da rahoto da ya duba bincike sama da 3000 a kan haka. Akwai kuma wuraren da aka gwada na'ura a asibiti aka ga amfaninta. A Jami'ar Washinton da ke birnin Siyatil, Hunter Hoffman da David Patterson sun yi aiki da wata duniyar ƙanƙara mai suna SnowWorld ta cikin gilashin VR, wato gilashin da ake sawa a ido mutum ya ga kamar yana cikin duniyar da kwamfuta ta zana, wadda masu ƙunar wuta ke shiga lokacin da ake wanke musu ciwo, kuma marasa lafiyar sun ba da rahoton raguwar zafi. Dalilin a fili yake: hankalin mutum yana da iyaka, in an cika shi da wani abu, abin da zai rage wa zafin kaɗan ne. Amma ka ga wannan an yi shi ne don matsala ɗaya takamaimai, na ɗan lokaci, a gaban ma'aikatan jinya. Ɗakin da ake sayar da tikiti a shiga a ɗauki hoto wani abu ne daban, ko da ya rubuta kalmar waraka a ƙofa.

In za ku je, ka tambayi masu wurin tun kafin ku shiga ko akwai duhu sosai, ƙara mai ƙarfi ko cunkoso, kuma ina ƙofar fita take. Ayyukan da ke sa mutum ya saurari bugun zuciyarsa ko numfashinsa suna kwantar wa wasu da hankali, amma mai yawan firgita suna iya tayar masa da abin, domin dama sauraren jikinsa ne ke jefa shi cikin tsoro. In ta ce a fita, a fita.

Mun shirya ƙaramin baje koli da gilashin VR. A ranar farko mutum uku suka yi jiri, ɗaya har ta yi amai. Akwai kuma wani ɗaki mai fitilu masu walƙiya da wani baƙo ya ce haɗari ne. Me za mu gyara?
*Daga mai shirya baje koli*

Malama, baƙon nan ya yi muku alheri, kuma da maganarsa za mu fara domin ita ce mai haɗarin gaske. Akwai masu farfaɗiyar da walƙiyar haske ke tayarwa, wasunsu ma ba su san suna da ita ba sai ranar da ta tashi. A ranar 16 ga Disamba 1997 wani shirin katun a talabijin ɗin Japan ya nuna ja da shuɗi suna musanya kusan sau 12 a daƙiƙa, aka kwashi mutum 685 zuwa asibiti, akasarinsu yara. Ƙa'idar da masu tsara shafukan intanet ke bi ita ce kada abu ya yi walƙiya fiye da sau 3 a daƙiƙa ɗaya, kuma ita ce za ku bi. Mafi muni shi ne tsakanin 15 zuwa 20 a daƙiƙa, da jan haske mai ƙarfi, da walƙiyar da ta cika ido gaba ɗaya a ɗaki mai duhu. Ku ɗauki bidiyon ɗakin a yanayin tafiyar hawainiya ku ƙirga. Ku rage saurin, ku bar ɗan haske a ɗakin, ku kafa sanarwa a bakin ƙofa, inda mutum zai karanta kafin idonsa ya kai ga fitilun. Ma'aikatanku su san abin yi: wanda ya ji ba daidai ba ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya juya baya. In wani ya faɗi, a kawar da abin da zai buge shi, kada a danne shi, kada a sa masa komai a baki, a juya shi gefe in jijjigar ta lafa, in ta wuce minti 5 a kira motar asibiti.

Jirin VR kuma daga saɓani yake zuwa. Ido yana cewa ana tafiya, ma'aunin daidaito da ke cikin kunne yana cewa ana zaune, sai ciki ya ɗauka. Abu na farko da za ku duba shi ne ko kwamfutar tana iya fitar da hotuna da saurin da gilashin ke buƙata, galibi 72 zuwa 90 a daƙiƙa. A 90, milisakan 11 kawai take da shi ta zana kowane hoto. In ta gaza, hoton yana biyo bayan juyin kai a makare, kuma jinkirin da ya wuce kamar milisakan 20 jiki yana jin sa. Gara a rage kyan hoton da a rage saurinsa.

Na biyu shi ne yadda aka tsara motsin. Tafiya a miƙe da sauri ɗaya ba ta cika damun mutane ba. Ƙara gudu, taka birki, da juya kyamara ba tare da mutum ya juya kansa ba, su ne masu kawo amai. Kada a karkatar da layin da sama ta haɗu da ƙasa. In dole a matsa daga wuri zuwa wuri, a duhunta hoton na ɗan lokaci a buɗe shi a sabon wurin. Char Davies ta Kanada ta bi wata hanya a aikinta Osmose na 1995: baƙo yana sa riga mai auna numfashi, in ya ja numfashi ya yi sama, in ya saki ya yi ƙasa, in ya karkata jiki ya nufi wajen. Motsin daga jikin mutum yake fitowa, kuma a hankali.

Sauran na tsarin wuri ne. Ku zaunar da mutane a kujera mai juyawa, ku taƙaita zama zuwa minti 5 ko 10, ku kunna fanka tana busa musu fuska. Ku daidaita tazarar gilasan biyu da idon kowane baƙo. Matsakaicin tazarar idon babba milimita 63 ce, amma mutane sun bambanta, kuma rashin daidaitawa na kawo ciwon kai. Ma'aikaci ya tsaya kusa, ya yi magana kafin ya taɓa wanda ke sanye da gilashin, ya gaya masa tun farko cewa da ya ji zufa ko miyau na taruwa ya cire, kada ya daure. A goge gilashin bayan kowane mutum.

Aikina yana amfani da kyamara yana karanta fuskar baƙi ya faɗi ko suna cikin farin ciki ko baƙin ciki. Sai na nemi izininsu?
*Daga wani mai ƙirƙira*

Ƙwarai kuwa, kuma izinin ya zo kafin kyamarar ta gan su. A rubuta a ƙofa abin da ake ɗauka, ko ana adanawa, da wanda zai gani. A bar hanyar wucewa ga wanda bai yarda ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a sarrafa hoton a cikin kwamfutar da ke ɗakin, a cire ta daga intanet, kada a ajiye komai. Abin da ba ka adana ba, ba za a sace shi a hannunka ba. Dokokin kare bayanai sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma da yawansu suna tsaurarawa a kan fuska da bayanan lafiya, yara kuma sai da yardar iyaye.

Akwai abin da ya fi izini damun mu a aikin naka. Manhajar ba ta san abin da ke zuciyar kowa ba, tsokar fuska take aunawa ta yi hasashe, kuma tana yawan kuskure. A 2019 Trevor Paglen da Kate Crawford sun saki ImageNet Roulette, inda mutum ke ɗora hotonsa manhaja ta laƙaba masa suna daga rukunan da ke cikin wani babban rumbun hotuna da ake horar da kwamfutoci da shi. Wasu sunayen zagi ne tsagwaronsa, wasu na wariyar launin fata. A daidai lokacin masu rumbun suka sanar da cire hotuna kusan 600,000 daga sashen mutane. Paglen da Crawford kuskuren na'urar suka baje a fili da gangan. In kai kuma ka gabatar da hukuncin na'urarka kamar gaskiya ne, ka zama ɗan tallarta. Ka bar baƙo ya iya musantawa, ko da maɓalli ɗaya ne da zai danna ya ce ba haka nake ji ba.

Ba mu da kuɗin sensa ko kwamfuta. Akwai abin da ƙungiyar matasa za ta iya yi a kan wannan jigo?
*Daga shugaban wata ƙungiya*

Akwai, da zare da almakashi. Tun 2018 wayoyin Android da iPhone suna da wurin da ke nuna minti nawa aka yi ana kallon fuskar waya a rana. Kowa ya rubuta nasa na kwana 7. A yanka zare santimita 1 a madadin kowane minti. Mai awa 4 a rana zai sami mita 2.4, a mako mita 16.8, mutum 20 irinsa kuma mita 336. A rataye zaren daga rufi a bar mutane su ratsa ta ciki.

Inda abin ke lalacewa shi ne in aka sa sunaye, nan take ya koma gasa da tsokana, masu dogon zare kuma su fara rage lissafi. Kada a sa suna. Sannan jimillar da na'urar ke nunawa ba ta bambanta karatu da hira da 'yan'uwa da zaman banza, duk minti ne a wurinta. A ba kowa launi uku ya raba da kansa: lokacin da ya amfane shi, wanda ya yi nadamarsa, da wanda ma bai tuna ya yi ba. Ku sayi launi na ukun da ɗan yawa.

Na yi wani aiki na intanet shekaru kaɗan da suka wuce, yanzu ya ƙi buɗewa. Yaya ake adana irin waɗannan ayyuka?
*Daga wata mai zane*

Ba ke kaɗai ba ce. Da kamfanin Adobe ya daina tallafa wa Flash, manhajar da ake yin hotuna masu motsi da wasanni a shafukan intanet da ita, a ranar 31 ga Disamba 2020, ayyuka masu ɗimbin yawa suka daina buɗewa a burauza. In naki na Flash ne, gwada Ruffle, manhaja ce kyauta da ke kwaikwayonsa, tana buɗe da yawa ko da ba duka ba. In kuwa aikin yana jawo bayanai ne daga wani dandalin sada zumunta, mai yiwuwa kamfanin ya sauya ko ya rufe ƙofar da kike bi, kuma wannan sai an sake rubutawa.

Manyan gidajen adana kayan tarihi ma suna shan wannan wahala. Hasumiyar talabijin 1003 da Nam June Paik ya gina a 1988 a gidan adana zane na ƙasa da ke Gwacheon a Koriya ta Kudu, dole aka kashe ta a 2018 saboda tsufan kayan, ba a sake kunna ta ba sai 2022, bayan an gyara tsofaffin talabijin ɗin da za su gyaru, an musanya wasu da allon zamani.

Ga aikinki na gaba, ranar da kika gama shi ki ɗauki bidiyon mutum yana amfani da shi daga farko zuwa ƙarshe, fuskar allon da hannun mutumin duka. Ki ajiye ainihin rubutun umarnin tare da kwafin duk wata manhaja da ya dogara da ita, da lambar sigar kowacce, kada ki dogara da cewa za ki sake sauko da su. Ki yi kwafi uku, biyu a ma'aji iri daban-daban, ɗaya a wani wuri can daban. In akwai kayan lantarki, ki sayi sensa da allo na ajiya tun suna kasuwa, ki zana yadda igiyoyin suka haɗu. Sannan ki rubuta shafi ɗaya da ke bayyana abin da ba a taɓawa a aikin da abin da za a iya musanyawa: ko girman allon yana da muhimmanci, ko saurin hasken, ko dole sai an taɓa da hannu. Ki kunna aikin sau ɗaya a shekara ki ga ko yana tashi, in kin sami abin da ya sauya ki ƙara shi a wannan shafin da kwanan wata.